Bidiyon tsaunukan Shere: daƙiƙa nawa ya kamata hoto ɗaya ya tsaya?

Ɗan Gangare:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'a. Tambaya gare ni a kan tace bidiyon diron, wato ƙaramin jirgi mara matuƙi mai kyamara, kuma don Allah kada a ce min in je YouTube, daga can nake.

Ni ɗaukar biki nake yi a nan Jos, kamu da dina da walima. Ƙaramin DJI Mini ne da ni, irin mai nauyin giram 249 ɗin nan, kuma a biki aikinsa bai wuce ya tashi ya nuna jerin motocin kai amarya ya sauka ba. To da damunar bana, wajen Agusta, da ƙasa ta yi kore shar, sai na riƙa fita bayan asuba ina ɗaukar wurare don kaina: tsaunukan Shere, dam ɗin Lamingo, Dutsen Riyom, da tafkunan da haƙar kuza ta bari wajen Rayfield da Bukuru. Ba yabon kai ba, hotuna sun fito. Akwai wanda hazo ya kwanta a kwarin Shere, kawunan duwatsu kaɗai suka leƙo, ga wasu shanu farare suna ratsa ciyawa a ƙasa.

Da na haɗa a manhajar tace bidiyo ta CapCut abin ya kai minti shida. Na kunna wa yaran shagonmu, kafin a ci minti biyu ɗaya ya ciro wayarsa. Sai na koma na daddatse, kowane hoto daƙiƙa biyu, na ɗora kiɗa mai zafi. Yanzu kuma ya koma tamkar tallar kamfanin waya, ba ka ganin komai sai walƙiya.

Don haka: daƙiƙa nawa kuke barin hoto ɗaya? Kiɗa kuke fara zaɓa ko hoto? Kuma me ya sa wasu wuraren bidiyon ke ɗan tsalle-tsalle idan jirgin yana tafiya gefe?

Editan Wuse:

Wa alaikumus salam. Oga, gaskiya ɗaya ce: a waya za a kalla, da babban yatsa a kan gilashi yana jiran ya ture ka. Minti shida ya yi yawa ko da Aljannar duniya ka ɗauko. Ka mai da shi minti ɗaya da rabi, ka sa hoton hazon nan a farko, ba a ƙarshe ba. Kada ka buɗe da tashin jirgi daga ƙasa, kowa ya gaji da shi.

Ni kiɗa nake fara zaɓa. Lissafi ne mai sauƙi. Kiɗan da ke da bugu 120 a minti, bugu huɗu daƙiƙa biyu ke nan, shi ya sa naka ya koma talla. Nemi mai bugu 90, ka yanka duk bayan bugu takwas, zai ba ka daƙiƙa biyar da ɗan ɗoriya. Haka nake yi wa masu sayar da filaye a Abuja, Dutsen Zuma a baya, titi a gaba, ba wanda ya taɓa dawo min da aiki.

Baban Farin Gada:

Ɗan Gangare, sannu da ƙoƙari. Maganar tsawo ta Editan Wuse na yarda da ita, minti shida ya yi yawa. Amma yanka duk bayan bugu takwas ban yarda ba. Idan ka yi haka, kafin yanka na huɗu mai kallo ya gane lissafinka, ya daina kallon dutse ya koma jiran bugu. Ga mai sayar da fili wannan ba laifi. Kai ba fili kake sayarwa ba.

Na yi shekaru ina tace hoto a gidan talabijin tun zamanin kaset, abin da zan faɗa maka shi ne: ba agogo ke yanke tsawon hoto ba, abin da ke faruwa a cikinsa ne. Ɗauki hotunanka ɗaya-ɗaya ka tambayi kanka, a wace daƙiƙa ce ido ya gama samun sabon abu? Nan za ka yanka.

Misali Dutsen Riyom. Abin mamakinsa shi ne yadda duwatsun suka hau kan juna ba su faɗo ba. Idan kana zagaya shi a hankali, kowace daƙiƙa tana nuna sabuwar fuska, ƙauyen da ke baya yana zamewa ta wani gefe. Irin wannan zai ɗauki daƙiƙa goma, har sha biyu, ba wanda zai ƙosa. Amma hoton da ka haura mita 120 ka miƙe gaba a kan fili, daƙiƙa uku ta ishe shi. Dalili kuwa, iya nisanka da ƙasa iya rashin motsin hoton. Jirgi na gudu amma ido na ganin kamar a tsaye yake, don babu wani abu a kusa da zai wuce. Shi ya sa hoton da ka bi ta gefen dutse ko saman bishiya, sannan kwari ya buɗe a gabanka, ya fi wanda ka ɗauka daga can ƙololuwa rai. Na tabbata mafi yawan minti shidan nan naka daga sama ne sosai. Duk sabon mai jirgi haka yake, sai ya ga iya inda abin zai kai.

Sai abu na biyu, wanda ba a cika faɗa ba. Kowane hoto ka datse kansa da wutsiyarsa. Wurin da ka fara tura sandar rimot da wurin da ka sake ta, jirgin yakan ɗan girgiza ko ya karkata. Ka shiga hoton yana cikin tafiya, ka fita yana cikin tafiya. Haka kuma duk inda hannunka ya gyara hanya da ɗan fizga, ko da a tsakiyar mafi kyawun hoton ne, ka raba shi biyu ko ka zubar. Nan take mai kallo ke tuna akwai wani mutum riƙe da rimot.

Kuma ka lura da alkibla. In hoto na tafiya dama, na bayansa ya tafi dama ko ya miƙe gaba. Dama, hagu, dama, hagu, jiri yake sa mutum. Girma ma ka riƙa sauyawa: mai faɗi, sai na kusa, sai wanda kyamara ta kalli ƙasa tsaye. Tafkunan kuzan nan an yi su ne don irin wannan na ƙarshe, ruwa kore ga jan ƙasa zagaye da shi. Waɗancan kwalliyar sauya hoto na CapCut, masu juyi da walƙiya, bar su ga dina.

Tsalle-tsallen da kake gani kuwa ba daga tacewa ya fara ba. Ko dai ka ɗauka a firem 30 a daƙiƙa, wato ƙananan hotuna 30 da ke haɗuwa su zama motsi, ka zuba a aikin tacewa na firem 25, manhaja tana zubar da firem ɗaya cikin shida, ko kuma shota, wato buɗewa da rufewar idon kyamara a kowane firem, ta yi sauri da yawa. Ranar Jos tana da ƙarfi, kyamara kan kai shota 1/1000 na daƙiƙa da kanta, kowane firem ya fito tsaf ba ɗan dishi-dishin motsi, sai tafiyar gefe ta riƙa kakkatsewa. Ƙa'idar ita ce shota ta ninka firem: firem 25, shota 1/50. Ba za ka samu haka da rana ba sai da gilashin ND, mai rage haske, a gaban kyamara. Wanda ka riga ka ɗauka a 30, rage masa gudu zuwa kashi 83 cikin ɗari a aikin 25, kowane firem zai zauna a gurbinsa, tafiyar ma ta ƙara laushi.

'Yar Rayfield:

Baba ya gama magana, ni sauti kawai zan ƙara. Jirgin nan ba ya ɗaukar murya, shi ya sa bidiyon diron da yawa ke zama shiru ko da kiɗa a kai. Yaya, koma wuraren da wayarka kawai. Ɗauko iskar saman Shere, ƙarar ruwan Assop idan ka gangara Hawan Kibo, kukan shanu, zakara daga nesa. Ka shimfiɗa su ƙasa-ƙasa a ƙarƙashin kiɗan, kuma ka bar ƙarar ruwa ta shigo daƙiƙa ɗaya kafin a ga ruwan. Kunne ya riga ido, mai kallo ba zai ji yankan ba.

Kiɗa kuma, me ya kai fiyano irin na Turawa kan Dutsen Riyom? Ga kundung na Berom, ga sarewa, ga gurmi. Ka samu mai kaɗawa ka biya shi ya yi maka minti biyu, ka huta da rigimar haƙƙin mallaka a YouTube. Shanun nan naka kada ka kuskura ka yanke su da wuri. Sai an ga saniya ko mutum a gindin dutse ake sanin girman dutsen.

Wajen kala, a ji tsoron Allah da koren nan. Filato a Agusta ba ta buƙatar ƙari.

Ɗan Gangare:

Allah Ya saka da alheri. Baba, na duba, a 30 na ɗauka, aikin kuma 25 ne saboda shi na saba da shi a biki don kada fitilun hol su riƙa ƙyaftawa. Na rage gudun kamar yadda ka ce, na Lamingo ya daina tsalle. Na Shere da rana ta take har yanzu yana yi kaɗan, wannan sai na sayi ND na koma. Yanzu yana minti biyu da 'yan daƙiƙu, na buɗe da hazo, zagayen Riyom na bar masa daƙiƙa sha ɗaya.

Saura guda: na tsaye zan fitar don Instagram da TikTok, ko na kwance?

Editan Wuse:

Duka biyun, amma kada ka matse na kwancen ka ce ka yi na tsaye, rabin dutsen zai tafi. Sake zaɓen hotuna. Waɗanda kyamara ta kalli ƙasa da waɗanda jirgi ke haurawa sama su ne ke zama a tsaye, zagayen Riyom bar shi a na kwance. In za ka turo mana a WhatsApp, turo shi a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse shi ciyawar ta dame.

Kuma tunda za ka koma ɗauka, in ka bi ta Riyom ka tuna filin jirgin sama na Heipang yana wannan yankin, kada ka matsa kusa da shi, haka barikin Rukuba. A 2016 hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama ta ce sai da izininta da na ofishin mai ba da shawara kan tsaron ƙasa ake tashin diron. A nan Abuja ko kusa da Aso ba ma zuwa da shi.

Baba, maganar bugu takwas kuwa, ina nan a kan bakana idan aikin kwastoma ne.