Dan Allah a taimaka: me za mu kira ɗan gilashin nan da masu nutso ke mannawa don su ga abin da ke kusa?

Uwar Shiri: Salamu alaikum jama'a. Ina da shirin kimiyya a rediyo da za mu ɗauka gobe ƙarfe goma na safe, kuma tun la'asar na maƙale a wuri ɗaya. Batun masu shiga ƙarƙashin teku da tukunyar iska a baya ne, abin nan da ake cewa sukuba. Akwai wani ɗan abu na roba mai laushi, garai-garai kamar gilashi, siffarsa kamar rabin wata, da ake mannawa a cikin abin da suke rufe ido da shi domin wanda idonsa ya daina ganin na kusa ya iya karanta agogon iskarsa. Kalma uku nake nema: sunan abin rufe idon, sunan ɗan abin da ake mannawa, sai sunan matsalar idon. A rubutuna na farko na sa "masu nutso masu hangen nesa" amma ina karantawa da baki na ji wani iri. Ku tuna fa mai sauraro ba hoto zai gani ba, kunne kawai gare shi.

Tsohon Tafinta: Wa alaikumus salam. Malama fara goge "hangen nesa" ɗin nan tun kafin komai, duk Bahaushen da ya ji an ce wane mai hangen nesa ne yabo ya ji, zai ɗauka masu nutson masu basira ne ake nufi. Ki ce "waɗanda ba sa ganin na kusa sosai". Abin rufe idon kuma takunkumin nutso, na mannawar ki ce ruwan tabarau na mannawa.

Ɗan Nutso: Baba da girmanka amma takunkumi kam bai shiga ba. Tun 2020 lokacin korona duk wanda ya ji takunkumi hanci da baki yake hangowa, namu kuwa ido da hanci yake rufewa, bakin a waje yake don a nan muke riƙe bututun shaƙar iska. Ni gilashin nutso nake ce masa idan ina yi wa 'yan gida bayani kuma ba wanda ya taɓa cewa bai gane ba.

Sannan Anti bari in gaya miki yadda abin yake don ki san me kike raɗa wa suna. Shekarata 47, na fara nutso ido garau, sai wata rana ina ƙasa wajen mita 18 na ɗago agogon da ke nuna sauran iskar tukunya, ina ganin kifi can nesa tar, ina ganin abokin nutsona tar, amma lambobin da ke hannuna sun zama dishi-dishi, na miƙe hannu iya tsawonsa har igiyar agogon ta ƙare ban tantance 80 ne ko 60 ba. Wallahi gabana ya faɗi, don tukunyar ana cika ta zuwa wajen "bar" 200 ne, wato awon matsin iskar da ke ciki, kuma ƙa'ida ita ce ka fito da sauran 50, to mutumin da ba ya iya karanta lambar ya zai yi? Ga kuma kwamfutar hannu da ke gaya maka zurfi da mintunan da suka rage, ga tsayuwar minti 3 a mita 5 kafin ka fito, duk karatu ne na ƙananan lambobi. Ba ka isa ka sa tabarau na karatu a ciki ba don hannayensa za su ɗage robar gefe ruwa ya shigo. Shi ne na sayi 'yan mannawar nan. Ba gam a jikinsu, ruwa ne kawai, za ka wanke gilashin tas da sabulu kada ya bar maiƙo ko kaɗan, ka ɗiga ruwa, ka ɗora a ƙasa-ƙasa ta ciki ka danna da yatsa har kumfar iskar ta fita, ka bar shi ya kwana ya bushe. In ya yi girma ma almakashi za ka sa ka rage. Ka dubi gaba ka ga teku yadda yake, ka sauke ido ƙasa ka ga lamba. Na farkon da na manna ban jira ya bushe ba, ina ɗauraye gilashin ɗaya ya bi ruwa.

Abu ɗaya kuma dan Allah Anti kada ki ce tukunyar oksijin a shirin, iska ce irin wadda muke shaƙa aka matse, oksijin ɗin cikinta kashi 21 ne kawai.

Uwar Shiri: Kai ƙanena Allah ya yi albarka, oksijin na rubuta kuwa, na gyara yanzu. Gilashin nutso ya zauna min.

Ƙanin Kowa: To ai shi ke nan sitika ce. Ku ce sitikar ido ko sitikar gilashi kowa ya huta, yaro da babba kowa ya san sitika mannawa ake yi.

Malam Nahawu: Sitika! Kullum haka, da an ce a nemo kalma sai a miƙa hannu a ɗauko ta Bature a shafa mata wasali a ƙarshe a ce an yi Hausa. Harshen da ya haifi jirgin sama da jirgin ƙasa da yanar gizo da na'ura mai ƙwaƙwalwa shi ne zai gaza a kan ɗan guntun roba? Ga kalma nan a gabanku: mannau. Daga manna. Gaɓa biyu, ba nauyi a baki, kuma ku saurari yadda ta yi amo ɗaya da tabarau. Tabarau na fuska, mannau na gilashin nutso. Malama ki sa mannau, ni na tsaya miki.

Likitar Ido: Kafin a tafi da nisa bari in sa baki a kan ta ukun don nan ne aikina. Abu biyu ne ake haɗawa. Akwai wanda tun yarinta ƙwayar idonsa ta ɗan gajarta, na kusa yana ba shi wuya. Akwai kuma na shekaru, wanda ke fara wa kusan kowa daga shekara 40 zuwa sama saboda ruwan tabarau na cikin ido ya fara tauri ba ya lanƙwasuwa kamar da, shi ne kike ganin mutum yana nesanta takarda da fuskarsa. Abin da Ɗan Nutso ya kwatanta wannan na biyun ne, kuma 'yan mannawar nan yawanci dominsa ake yin su, ƙarfinsu irin na tabarau na karatu ne, daga +1.00 zuwa +3.00 haka. Ni a ɗakin duba marasa lafiya "raunin ganin kusa" nake cewa, in na shekaru ne in ƙara "na girma".

Sai kuma kada a ce gilashin ƙara girma kawai a yi shiru. Ruwa da kansa yana sa abu ya ƙara girma a idon mai sanye da gilashin nutso da kusan kashi 33 cikin ɗari, ya kuma zama kamar ya matso da kusan kashi 25, amma duk da haka Ɗan Nutso bai iya karanta agogonsa ba, matsowar ma ƙara wa ido aiki take. Aikin abin shi ne ya fito da na kusa fes.

Uwar Shiri: Na gode Likita, raunin ganin kusa na ɗauka, biyu sun samu saura ɗaya.

Malam Nahawu: Ba saura ɗaya, an gama. Mannau.

Tsohon Tafinta: Allah gafarta Malam, kalmar tana da daɗi ban musa ba, amma dubi 'yan uwanta: mantau, makarau. Mutane ne, masu halin mantuwa da makara. In na ji an ce mannau a rediyo abin da zai fara zo min shi ne mutumin da ya liƙe wa wani ya ƙi tafiya. Na yi shekaru ina fassara labarai, abin da na koya shi ne mai sauraro ba ya iya tsayar da kai ya ce maimaita.

Malam Nahawu: To tabarau ɗin mutum ne? Kuma ita yanar gizo ranar da aka fara faɗinta kowa ya gane ne? Sai da aka yi ta maimaitawa ta zauna. In masu rediyo ba su yi ƙarfin halin fara faɗa ba wa zai fara? Ku ne ƙofar, kuka rufe ta da kanku sannan ku dawo kuna cewa Hausa ba ta da kalmomin kimiyya.

Ƙanin Kowa: Malam gaskiya fa na'ura mai ƙwaƙwalwar da kake misali da ita wa ke faɗinta yau in ba a labarai ba? Kwamfuta kowa ke cewa har kai. Shi kansa gilashin da kuka yarda da shi yanzun nan daga ina ya zo? In gilashi ya zama ɗan gida me sitika ta yi?

Malam Nahawu: Yaro, gilashi ya shigo ne lokacin da ba mu da masu zama su yi tunani a kan wannan, yanzu muna da su. Aro don larura daban, aro don lalaci daban. Kuma in don ta ni ne ma madubin nutso za a ce, daga duba, tsarin ma- da -i irin na mabuɗi da matsefi.

Ɗan Nutso: Malam madubi kuma ai fuskarka za ka gani a ciki, mu ta cikinsa muke gani.

Tsohon Tafinta: Ni abin da ke damuna da irin wannan magana shi ne a mai da aro abin kunya. Littafi da alƙalami da duniya da lahira duk daga Larabci muka karɓa, ban taɓa jin wanda ya ce a kore su ba. Sai in na Turanci ne ake tuna kishi.

Malam Nahawu: Waɗannan sun yi ɗaruruwan shekaru sun narke, kada ka haɗa su da sitika. Kuma ba kishin banza nake ba, ɗalibai nake koyarwa, ina gani da idona yadda yaro ke jin cewa duk abin da ya shafi ilmi sai da bakin wani ake faɗinsa. Wannan ne ke min ciwo, ba ɗan roba ba.

Likitar Ido: Malam wannan ciwon muna jinsa mu ma, ni ma kullum ina fama da yadda zan yi wa tsohuwa bayanin idonta ba tare da na jefa Turanci ba. Amma sitika ni ma ban so ta ba saboda wani dalili daban: mutum zai ɗauka takarda ce mai gam da ake ɓarewa a liƙa, alhali wannan da ruwa yake kamawa, ana cire shi a mayar. Masu gam ɗin daban ne, na gilashi ne da masu haɗa tabarau ke liƙawa dindindin.

Ƙanin Kowa: To na janye sitika, amma mannau ma ban saya ba.

Ɗan Nutso: Wani abu kuma tunda ana gyara, na ga wasu na rubuta ninƙaya ko iyo, wannan a saman ruwa ne. Kada kuma a ce masu nutsewa, nutsewa hatsari ne, nutso da niyya ake yi.

Tsohon Tafinta: Akwai kurme ma.

Ɗan Nutso: Kurme a sanina riƙe numfashi ake yi Baba, mu kuwa dokar farko da ake koya mana ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi, don iskar huhu tana buɗewa in kana tasowa sama.

Uwar Shiri: Jama'a sha ɗaya ta wuce kuma sai na miƙa rubutun da asuba, ga abin da na tsayar. Gilashin nutso. Raunin ganin kusa. Na ukun zan ce "tabarau na mannawa" don tabarau shi ne abin da kowa ya sani yana gyara gani, na cire "ruwan" don da na gwada da baki ruwan tabarau a cikin ruwan teku ya rikice min. Jimlar ta zama: "Masu nutso da ke fama da raunin ganin kusa kan sa tabarau na mannawa a cikin gilashin nutsonsu domin su iya karanta agogon iska." Malam Nahawu zan ƙara sau ɗaya in ce "wanda wasu masana harshe ke ba da shawarar a kira mannau", in masu kiran waya suka ɗauka to ta shiga.

Malam Nahawu: Kalma uku a inda ɗaya ta isa. Kuma "wasu masana" ni kaɗai ne, ki ce wani malami kada a yi ƙarya da ni. Amma tunda ba sitika ba ce na haƙura. Ki faɗe ta a hankali yadda za a ji ninkin n ɗin, man-nau, kada ta fito manau.

Uwar Shiri: In sha Allahu Malam, wani malami zan ce. Ƙanena Ɗan Nutso, shi agogon iskar haka kuke kiransa ko ma'aunin iska ya fi? Don agogo lokaci yake nunawa.

Ɗan Nutso: Mu geji muke cewa Anti.

Malam Nahawu: Ma'auni. Dan Allah Malama ma'auni.