Neman shawara: na karanta tarihin malaman rukunin binciken kemistirin oganik guda biyu, wa ya kamata in bi?

Malam Mai Tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri, bayanin zai ɗan yi tsawo. Mataimakin lakcara ne ni a sashen kemistiri na wata jami'ar jiha, shekara uku ke nan. Digirina na biyu a kan ganyen sabara da ɓawon marke na yi shi. Na jiƙa su a metanol, na yi gwajin alkaloid da tanin da safonin, na gwada ruwan a kan ƙwayoyin cuta cikin faranti. Da ƙyar na ware abu ɗaya tak a kolom, wato bututun gilashin da ake rarrabe sinadarai da shi, na aika shi waje, sai bayan wata biyar sakamakon NMR, gwajin da ke nuna tsarin sinadari, ya dawo, ashe lupeol ne, sinadarin da aka daɗe da sani a tsirrai. Iyakar abin da hannuna ya taɓa ke nan.

Yanzu ina neman digiri na uku a Afirka ta Kudu, rukuni biyu ne kuma suka tsaya mini a rai. Na farko na Farfesa Kelly Chibale ne a Jami'ar Cape Town, masu neman sabon maganin zazzaɓin cizon sauro da na tarin fuka. Na biyu na wata matashiyar malama ce a wata jami'ar can, shekararta huɗu da buɗe lab, ɗalibanta uku. A Jamus ta yi digirinta na uku a kan katalis, wato abin da ke hanzarta haɗuwar sinadarai, yanzu kuma ta ce so take ta riƙa haɗa sinadaran tsirran Afirka daga tushe. Na rubuta mata, kwana biyu ta amsa.

Na karanta tarihin karatunsu da jerin abin da suke bincike a kai har na gaji, ban san abin da ya kamata in duba ba. Kuma mai irin tarihina, anya za a ma kalle shi a rukunin masu haɗa sinadari? Ku taimaka.

Dakta Na Zariya:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ni ma ta wannan hanyar na bi, daga jiƙa saiwa na koma haɗa sinadari, don haka bari in zauna da kai.

Jerin "abin da muke bincike a kai" kar ka ba shi nauyi sosai. Wani malamin ya rubuta shi shekara goma da ta wuce bai sake taɓa shi ba, wani kuma buri ne ya jera, ba aikin da ke kan tebur ba. Tarihin karatun ya fi faɗin gaskiya, amma sai ka karanta shi yadda ake tambayar malamin zaure: wajen wa ka ɗauki karatu, shi kuma wajen wa? A oganik ma akwai salsala.

Ɗauki Chibale da ka ambata. Ɗan Zambiya ne, a Jami'ar Zambiya ya yi digirin farko. Na uku a Kembirij ya gama shi a 1992 ƙarƙashin Stuart Warren, wanda ya yi suna wajen koya wa ɗalibai su kalli sinadari su kwance shi a takarda gaɓa-gaɓa, daga ƙarshe zuwa farko, har su kai ga kayan da za a iya saya a kwalba. Daga nan ya yi aiki a Libaful, sannan ya tafi cibiyar Scripps a Amurka wajen K. C. Nicolaou, wanda rukuninsa na cikin biyun farko da suka haɗa Taxol, maganin kansa, daga tushe a 1994. Ya zo Cape Town a 1996, ya kafa H3D, cibiyarsa ta neman sababbin magunguna, a 2010. To ka gani, wanda ya taso a hannun Warren da Nicolaou, ko da yau maganin maleriya yake nema, da idon mai gina sinadari zai kalle ka. In ya zauna da kai ba zai tambaye ka amfanin sabara ba, zai zana abu a allo ya ce ta ina za ka fara.

Wani misalin da ya fi nuna yadda tarihi ke haifar da bincike shi ne na Benjamin List. Bayan digirinsa a Farankfot ya je Scripps yana aiki a kan sinadaran garkuwar jiki da ake sa su yi aiki irin na enzayim, wato katalis na jikin mai rai. Daga nan tambaya ta zo masa: shin dole sai babban enzayim gaba ɗaya, ko amino asid ɗaya zai iya? Ya gwada prolin, ya yi aiki, ya wallafa a 2000. Shi da David MacMillan suka karɓi kyautar Nobel a 2021 saboda wannan fanni. Da ka san inda ya zauna kafin 2000, aikin ba zai ba ka mamaki ba.

Don haka malamar nan taka, nemo sunan wanda ta yi digiri a ƙarƙashinsa a Jamus, ka duba wane irin katalis ne, na ƙarfe irin faladiyam ko marar ƙarfe. Sannan ka buɗe Google Scholar ka ware maƙalunta kashi biyu: waɗanda sunan tsohon malaminta ke ƙarshe, da waɗanda sunanta ne a ƙarshe da tauraro, alamar ita ce jagorar aikin. Kashi na biyun ne lab ɗinta. In babu ko ɗaya a kan tsirran Afirka, to maganar tana matakin niyya, kuma kai ne za a fara da kai. Ba laifi ba ne, amma ka shiga da saninka.

Maman Ilham:
Malam, ni ɓangaren harhaɗa magunguna na karanta, ina so in ƙara abu ɗaya kan bayanin Dakta. H3D ba rukunin oganik ba ne zalla irin wanda ka sani a sashenku. Akwai masu haɗa sinadari, akwai masu renon ƙwayar maleriya da ta tarin fuka, akwai masu auna yadda hanta ke narkar da magani. Aikin ɗalibi a irin wurin nan yawanci shi ne a ba shi sinadari guda da ya nuna alamar kashe ƙwayar cuta, ya yi ta ƙera 'yan uwansa, yau ya canza wannan gefe, gobe wancan, talatin ko hamsin, ana gwada kowanne a ga wanda ya fi ƙarfi kuma ya fi narkewa. Sanannen sinadarinsu, MMV048, ta haka ya fito, tare da haɗin gwiwar ƙungiyar Medicines for Malaria Venture ta Janeba. An fara gwada shi a jikin mutane a 2014, daga baya aka dakatar da shi saboda illar da aka gani ga 'ya'yan ciki a gwajin ɓeraye. Haka harkar take, yawancin abin da aka fara ba ya kaiwa kanti.

Abin da nake nufi, in burinka ka ƙware a dabarun haɗi masu wuya, za ka iya shekara uku a rukunin magani kana maimaita haɗi huɗu ko biyar. In kuma burinka ka fahimci yadda sinadari ke zama magani, da wuya ka sami makaranta kamarta a nahiyar nan. Wanne kake so? A tambayarka ba ka faɗa ba.

Baba Farfesa:
Yaro, na ga kana maganar sabara da marke kamar kana jin kunya. Daina. Kwinin daga ɓawon itace aka ware shi a 1820. Atemisinin da ya ba Tu Youyou kyautar Nobel a 2015 daga ganye ya fito, kuma atemita da ke cikin Coartem ɗin da kuke sha, shi aka ɗan gyara wa gefe ɗaya. A nan gida, Niprisan na masu amosanin jini da aka yi a cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja zamanin Farfesa Charles Wambebe, tsirrai huɗu ne, ciki har da masoro da kanumfari da karan dafi.

Laifinmu ba tsirran ba ne, tsayawa ne a rabin hanya. Mu jiƙa, mu ga ruwa ya canza launi, mu rubuta "akwai tanin", mu wallafa. Duk ganyen da ka tsinka a bayan gida akwai tanin a ciki. In an yi ƙoƙari an ware abu, sai ya fito lupeol ko sitosterol, waɗanda aka sani tun kafin a haife ka. Kai dai ka riga ka zauna gaban kolom kana tara kwalabe har dare, kuma wallahi rabin rayuwar mai haɗa sinadari ke nan. Ni da ni ne kai, malamar zan bi, don ita ce ke ƙoƙarin ɗinke abin da ka sani da abin da ba ka sani ba.

Dakta Na Zariya:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, maganar kolom gaskiya ce. Amma kar mu sa shi ya saki jiki. Akwai abubuwan da bai taɓa yi ba: haɗi a ƙarƙashin naitirojin ko agon, busar da ruwan narkarwa, aiki da miligiram ashirin ba giram ɗari biyar na gari ba, da karanta NMR da kansa a ranar da aka yi shi. Wata shidan farko zai sha wuya, gara ya ji tun yanzu.

Ɗan Kantin Kwari:
Ni fa ba ɗan kimiyya ba ne, amma duk cikinku ba wanda ya tambayi wa zai biya. Malam, wace ce a cikin biyun ta ce akwai kuɗin makaranta da na abinci? Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abu Safwan:
Ɗan Kantin Kwari ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ni na bi babban suna a wata ƙasa, ba zan faɗi wurin ba. Mu ashirin da wani abu ne a rukunin, Farfesa kullum yana jirgi, a shekarar farko sau uku na zauna da shi ido da ido. Wani mai digiri na uku da ke aiki a lab ɗin ne ya riƙe ni, da kwantiraginsa ya ƙare na koma maraya. Ba na ce haka kowane babban rukuni yake ba, wasu suna da tsari mai kyau, kuma kayan aiki da sunan da ke kan takardar shaidarka ba abin rainawa ba ne. Amma tarihin malami ba zai gaya maka wannan ba. Ka nemi ɗalibai biyu da suka gama a wurin, ba waɗanda ke ciki yanzu ba, ka tambaye su: shekara nawa kuka yi, wa ke duba littafin lab ɗinku, yanzu ina kuke aiki?

Ita ma ƙaramar malamar tana da nata haɗarin. Kuɗin bincikenta zai iya ƙarewa kana shekara ta biyu, ko wata jami'a ta ɗauke ta. Ka tambaye ta kai tsaye tallafin nata na shekara nawa ne, kuma injin NMR na sashensu ɗalibi na iya hawa da kansa ko sai an bi layi. Wanda ya jira wata biyar don sakamako ɗaya bai kamata ya ji nauyin wannan tambayar ba.

Malam Mai Tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya Maman Ilham, tambayarki ta hana ni barci. Gaskiya so nake in dawo in iya koya wa ɗalibaina haɗa sinadari da hannu, don a sashenmu a allo kawai muke yinsa. Na bi shawarar Dakta na duba maƙalun malamar. Guda biyar ne sunanta ke ƙarshe, huɗu a kan faladiyam, ɗaya tak a kan wani flabonoid, irin sinadarin da ake samu a tsirrai. Maganar kuɗi kuwa ta ce akwai na kayan aiki, na zama sai dai mu nema tare. Cape Town ban ma rubuta ba tukuna, tsoro nake ji. Me zan ce a wasiƙar?

Dakta Na Zariya:
Rubuta mana, ai tambaya ba ta ɓata komai, kuma neman wuri biyu ba cin amana ba ne matuƙar ba ka yi wa kowa alkawari ba. Kar wasiƙar ta wuce rabin shafi. Bar dogon kirari da "na daɗe ina sha'awar ayyukanka", irinta goma suke samu a mako. Ka faɗi abin da ka yi da adadi: giram nawa na ɓawo, miligiram nawa na lupeol ka samu, da wane ruwa ka wanke kolom, sannan ka liƙa hoton NMR ɗin tare da bayanin kowane tsini da ka yi da kanka. Ka faɗi abin da ba ka taɓa yi ba a jimla ɗaya, ba tare da ban haƙuri ba. Sai ka ɗauki maƙala ɗaya tasu ta shekara biyun nan ka yi tambaya ta gaske a kanta.

Kafin nan ka zauna ka koyi haɗin Suzuki, wato hanyar ɗaura gaɓoɓin sinadari biyu kabon da kabon, har ka iya zana zagayensa ba ka duba littafi ba. Shi ne wanda ya ba Akira Suzuki kyautar Nobel a 2010 tare da Heck da Negishi, faladiyam ne katalis ɗinsa, da shi aka ɗaura zobba biyun da ke jikin MMV048, kuma tunda maƙalun malamarka huɗu a kan faladiyam suke, can ma sai ka gamu da shi ko ɗan uwansa. Na kuɗin zama kuma ka duba TWAS da DAAD, hukumomin da ke ba da tallafin karatu, kowanne da lokacin da yake buɗewa, kar ka jira sai an ba ka gurbi.

Baba Farfesa:
In ka rubuta daftarin, turo mini ta akwatin sirri in duba kafin ka aika. Ka haɗo da hoton NMR ɗin, ina so in ga ko lupeol ɗin nan shi kaɗai ne a kwalbar.