Muhawara: Matan da suka yi fashin teku, jarumai ne ko ɓarayi?

Maman Ilham: Salamu alaikum jama'a, yau dai sai na amayar da abin da ke cina. Yara suka kunna fim ɗin 'yan fashin teku Pirates of the Caribbean kashi na uku, na 2007, sai ga wata tsohuwa 'yar China an laɓta mata farar hoda, ba ta yi magana ta kai ta kawo ba aka wuce ta. Wai ita ce aka kwaikwayo daga Zheng Yi Sao, shugabar 'yan fashin tekun China! Matar da mijinta ya mutu a 1807 ta riƙe ɗaruruwan jirage da dubun-dubatar mayaƙa a gaɓar Guangdong, sojan ruwan daular Qing da Turawan Fotugal na Macau suka yi suka gaji, sai sulhu aka yi da ita a 1810. Ta rayu har 1844. Shi kuwa Blackbeard, ɗan fashin tekun nan Bature da ake ta zuzutawa, 'yan shekaru ya yi aka sare masa kai a 1718, amma shi aka ɗora a matsayin babban mugu a kashi na huɗu. Mace kuwa ko a mai da ita tsohuwar banza, ko a tuɓe ta. Haka ake danne tarihin jaruman mata.

Bazazzagi: Jarumai? Hajiya, ɓarayi kike kira jarumai?

Maman Ilham: Malam, maganar fim nake yi.

Bazazzagi: Ni kuma maganar bakinki nake yi. Mutanen matar nan haraji suke ɗora wa jiragen gishiri da ƙauyukan bakin ruwa, garin da ya ƙi biya a banka masa wuta. A 1809 sun shiga Kogin Lu'ulu'u sun kwashi mutane sai an kai kuɗin fansa. Wanda ya taɓa haɗa kuɗin fansar ɗan'uwansa a hanyar Birnin Gwari ba zai ji daɗin kalmar nan ba. Har sulhun da kike yabo, mun san irinsa.

Anti Malama: To ai jarumta daban, kirki daban. Ba ta ce waliyyiya ba. Kuma don Allah ku daina, rabin mazan gidan nan sun taɓa ɗora hoton Jack Sparrow, tauraron fim ɗin, a shafinsu, ba mu ji wanda ya tuna da kuɗin fansa ba. Sai da aka ce mace sannan tsoron Allah ya motsa.

Bazazzagi: Anti, Jack Sparrow ƙirƙira ce, bai taɓa sace kowa ba.

Anti Malama: Blackbeard ma ƙirƙira ce?

Ɗan Maraɗi: Ina wuni 'yan'uwa. Ku bar 'yar China, ga tamu Musulma. Sayyida al-Hurra ta mulki Tetuwan a Maroko daga wajen 1515 zuwa 1542, jiragenta suka hana Sifaniya da Fotugal sakat. Da Sarkin Fas Ahmad al-Wattasi zai aure ta, shi ya taso ya zo garinta aka ɗaura. Ita ma ɓarauniya ce?

Malam Ƙarami: Subhanallah. Wannan baiwar Allah mujahida ce, kada wanda ya haɗa ta da 'yan fashi. An ƙwace Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, a 1492, an kori Musulmi, Fotugal tana zaune a Sabta, a gaɓar Maroko. Ramuwa ta yi.

Bazazzagi: Allah gafarta Malam, ita ma fa kama mutane ake yi a teku a tsare sai an fanshe su. Aikin ɗaya ne.

Malam Ƙarami: Niyya ba ɗaya ba ce.

Ɗan Maraɗi: Ai Ingila ma haka ta yi. Francis Drake ya wawushe jiragen Sifaniya, Sarauniya Elizabeth ta ba shi sarauta a 1581. A Landan gwarzo, a Madrid ɓarawo. Don me mu za mu ji kunyar tamu?

Ɗalibar Tarihi: Bari in koma kan abin da Maman Ilham ta faɗa, don tana da gaskiya a batun tuɓewar. Turawan mata biyu, Anne Bonny da Mary Read, wata biyu kacal suka yi suna fashi tare da Jack Rackham kafin a kama su a 1720. A shari'arsu a Jamaika wata mata da suka tare ta ba da shaida cewa rigar maza suke sanye da ita da dogon wando, sun ɗaure kai da ƙyalle, kowacce da adda da bindiga. An yanke musu hukuncin rataya, suka ce suna da ciki, aka jingine. Mary ta mutu a kurkuku a 1721. Littafin Kyaftin Charles Johnson na 1724 ne ya baza labarinsu, da aka buga shi a Holan sai mai zane ya buɗe musu ƙirji. Tun daga nan masu fim da masu wasan kwamfuta suke bin zanen, sun bar shaidar kotu.

Kawu Direba: Ni tambayata ɗaya ce. Maman Ilham, me ya sa kike barin yara suna kallon irin finafinan nan? Giya ce fa da rantsuwa daga farko har ƙarshe.

Maman Ilham: Kawu, da girmanka, tarbiyyar 'ya'yana ba ita aka kawo ba.

Kawu Direba: Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Bakano: In dai kai hari da karɓar haraji ne fashi, to Amina ta Zazzau ma sai a sake duba takardunta.

Bazazzagi: Ka janye. Wallahi ka janye. Sarauniyar da ta gina ganuwa kake haɗawa da masu tare jirgi?

Bakano: Kai ka ce aikin ɗaya ne, ni maimaitawa na yi.

Bazazzagi: Ba laifinka ba ne, ku da kuka saba komai ciniki.

Bakano: Cinikin ne ya sa kuke zuwa Kwari sari.

Anti Malama: Kun gani ko? An taɓa tasa, yanzu ya san akwai jaruma.

Maman Ilham: Ikon Allah. Ɗalibar Tarihi ce kaɗai ta amsa min, ita kuma ko mutum ɗaya bai tanka mata ba.

Admin: To jama'a, dare ya yi, ga abin da aka cimma. An yi ittifaƙi cewa 'yar China da Turawan nan biyu ɓarayi ne, kuma bai dace a kira su jarumai ba. Sayyida al-Hurra, kamar yadda Malam ya yi gamsasshen bayani, mujahida ce, babu saɓani. Batun Sarauniya Amina an yi kuskure, mu Zazzagawa mun yafe, amma kada a sake. Shawarar Kawu kan finafinai iyaye mata su duba ta. Muna gode wa Maman Ilham da ta fahimta ta janye kalmarta.

Maman Ilham: Admin, a ina na janye?

Bakano: Kuma wa ya nemi yafiya?

Admin: An rufe sai da safe. Mai ƙorafi ya same ni ta gefe.