Daga babban ofishin lauyoyi zuwa aikin kamfani: me kuka tarar?

Ƙaramar Barista: Assalamu alaikum yayyena. Shekarata 6 a wani babban ofishin lauyoyi da ke Victoria Island a Legas. Yanzu wani kamfanin sadarwa ya ba ni gurbi a sashensa na shari'a, na yi istihara amma zuciyata ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ku da kuka riga ni, don Allah ku ba ni labari.

Barista Fagge: Wa alaikumus salam ƙanwata. Fara tambayar kanki ko kina da burin zama SAN, wato Babban Lauyan Najeriya. Ƙa'idar aikinmu ta hana lauyan da ke cin albashin wani ya tsaya gaban alƙali yana kare shi, sai dai lauyan gwamnati. Masu ba da SAN kuwa, bayan shekara 10 da zama lauya, shari'o'in da mutum ya yi da bakinsa suke ƙirgawa, har na Kotun Ƙoli. Ni banki na koma. Ranar da aka kira shari'armu a Babbar Kotun Tarayya, ina zaune a baya da biro, yaron da na koya wa rubuta takardar ƙara shi ne a tsaye da baƙar riga da hular gashi. Wallahi har yau abin yana taɓa ni.

Maman Biyu: Yaya Barista ya faɗi gaskiya, amma ni abin da na samu ya fi abin da na bari. A da sai goma na dare nake hawa gadar Third Mainland, in tarar yara sun yi barci, ga takardar lissafin awowin aiki tana jirana. Yanzu da ni ake cin tuwon dare. Fansho ma ana zubawa, kamfani kashi 10, ni kashi 8. Abin da ya ba ni wuya shi ne, a can ni ke kawo kuɗi, a nan kuɗi ake kashewa a kaina. Manajan talla zai shigo da yarjejeniya shafi 40 ya ce gobe za a sa hannu, in kin ce a dakata sai a ce kin tare hanya. Kuma gobe a ɗakin cin abinci ɗaya za ku zauna.

Sakataren Kamfani: Hajiya, ki sake karanta dokar kamfanoni ta 2020 da ta kare bayanan jama'a ta 2023, kamfanin sadarwa kullum a kansu yake. Shugabanni ba sa son dogon sharhi, layi uku suke so: a yi, kar a yi, ko a gyara nan. Sannan ki tambaye su wa za ki riƙa kai wa rahoto. In ƙarƙashin shugaban kuɗi aka sa sashen, muryarki ba za ta kai ga hukumar gudanarwa ba.

Ƙaramar Barista: Allah ya saka da alheri. Wannan tambayar ta ƙarshe ban yi musu ita ba. Litinin zan kira su kafin in amsa.