Zafi ya shigo tun Fabrairu a fadamar Gulbin Maraɗi, tumatir na zubar da fure: ruwa ne ko taki?

Mai Lambu, Tibiri:
Assalamu alaikum manoman rani. Bana sanyi ya ɗauke da wuri, buda ma babu, tun tsakiyar Fabrairu rana ke duka kamar an shiga bazara. Tumatirin da aka dasa ƙarshen Disamba yana cikin fure amma furen na zubewa, ganyen ƙasa kuma duk ɗigo-ɗigon rawaya. Albasa ma ganyenta ya fara fari-fari. Ƙarin ruwa ake so ko taki? Injin ban ruwa kuma yakan fara jan iska in ya ɗan jima yana aiki.

Baba na Jiratawa:
Wa alaikumus salam ɗana. Ajiye buhun takin tukuna, zubar furen nan aikin zafi ne. Tumatir in zafin rana ya haura digiri 35, dare kuma bai sauko ƙasa da 22 ba, garin furen yakan lalace, furen ya bushe daga wuyansa ya faɗi. Ka zuba uriya a wannan hali, ganye za ka samu luf-luf, ɗiya babu, ƙwari kuma su sami abinci.

Abin da ke hannunka shi ne sanyaya ƙasa. A lokacin sanyi murabba'in mita ɗaya yakan wadatu da lita 5 zuwa 6 a yini, yanzu sai ya sha 8 zuwa 10. To kada ka tara masa ruwan kwana uku a rana ɗaya. Ƙasar da ta bushe ƙamas sannan aka malala mata ruwa ita ke kawo baƙin gindi a ɗiyan tumatir, wasu kuma su tsage. Raba shi: kaso mafi yawa da asuba, saura bayan la'asar, a gindi, ba a kan fure ba. Ka shimfiɗa haki ko karan gero da aka sassara, kaurin yatsa uku, amma ka bar tazarar tafin hannu daga jikin shukar saboda gara. Gefen arewa maso gabas a kafa darni, tsawon mutum, mai ɗan sarari don iska ta ratsa a hankali. Wanda aka toshe gam iska takan tsallake shi ta faɗo da ƙarfi a bayansa.

Hajiya Mai Salati, Madarumfa:
Baba ya gama maganar fure, amma ɗigon rawayan nan ba ƙishi ba ne. Malam, juya ganyen ka duba bayansa da safe. In ka ga jajayen abubuwa ƙanana kamar garin barkono suna motsi, da ɗan saƙa siriri, jan gizo-gizo ne, kuma zafi da bushewar iska su ne damunarsa: cikin mako guda ƙwai ya zama uwa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a sayo maganin tsutsa irin su lambda a fesa. Ba ya gama da shi, sai dai ya kashe ƙwarin da ke cinsa, bayan kwana goma gona ta yi ja.

A fara da tsinke ganyen ƙasa da ya kamu sosai, a fitar daga lambun a ƙone. Sai ruwan bedi: rabin kilo na garin ɗiyan bedi a lita 10 na ruwa, ya kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulu a ciki, a fesa da marece ana ɗaga bakin famfon ta ƙarƙashin ganye. A maimaita duk mako. In ya riga ya fi ƙarfin bedi, a nemi maganin ƙwari mai abamektin a wurin dillali mai izini, a bi awon da ke jikin kwalba da kwanakin jira kafin tsinka. Farin albasar ma ƙwari ne, ƴan sirara da ke ɓuya a tsakanin ganye, bedin zai rage su in feshin ya shiga can cikin wuya.

Ɗan Gidan Rumji:
Hajiya, a ƙara da cewa masu amfani da farar wuta a matsayin maganin ƙwari su dakata, a irin wannan rana ƙona ganye take yi. Albasa kuwa zafi na sa ta ɗaure kai da wuri, ta fito ƙanana. Kada a matsa mata da taki don ta yi girma, wadda ta sha uriya a ƙarshe ba ta zama a rudu, wato ma'ajiyar albasa, ruɓewa take. In rabin gonar ya kwantar da wuya a yanke ruwa, a ba ta kamar kwana goma kafin cira.

Batun inji, yaya: ruwan ƙasa ne ya ja baya. Injin saman ƙasa ba ya tsotso daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8, komai sabuntarsa. Duba mahaɗar tiyo tukuna, ko akwai inda iska ke shiga, ka ɗaure da roba. In ba nan ba ne, a haƙa rami mita ɗaya ko ɗaya da rabi kusa da rijiyar a saukar da injin ciki, a rage masa wuta, a riƙa ba rijiyar hutu ta taru. Hayaƙi na taruwa a ramin, kada kowa ya zauna ciki injin na aiki.