Na gama gajeren fim ɗina, wane biki zan tura shi? Kuɗina kaɗan ne

mai_kyamara:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka taɓa tura fim bikin baje kolin fina-finai. Satin da ya wuce na gama editin gajeren fim ɗina, minti 17 ne, Hausa zalla, labarin wani ɗan ga-ruwa da jarkarsa ɗaya ta ɓata ranar da zai kai wa mai kura balas. A unguwarmu muka ɗauka, kwana huɗu. To na buɗe FilmFreeway, shafin intanet da ake tura wa bukukuwa fim ta cikinsa, wallahi kaina ya ɗaure, bukukuwa ba iyaka kowanne da kuɗinsa, wannan dala 15 wancan 40, ni kuma duk abin da zan iya haɗawa bai fi dala 100 ba shi ma sai na sayar da tsohuwar wayata. Abokin aikina kuma ya matsa min wai mu ɗora a YouTube kawai mu huta. Ya kuke gani?

edita_jos:
Wa alaikumussalam. Ƙanina fara riƙe hannun abokin nan naka tukuna. Ranar da fim ya hau YouTube ka rufe wa kanka ƙofofi da yawa, domin manyan bukukuwa suna son a ce a wurinsu aka fara haska shi, Cannes da Berlin duk haka suke. Cannes ma ka cire ta a lissafi, gajeren fim a can ba ya wuce minti 15 har da sunayen ƙarshe, naka 17.

Da ni ne, babba ɗaya zan gwada don kar raina ya yi ta cewa da na sani, kuma Clermont-Ferrand ta Faransa zan zaɓa tunda ita aikinta kenan gajerun fina-finai, ana yi ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu, amma ka sani dubbai ake tura musu, kar ka sa rai da yawa. Ragowar kuɗin ka zuba inda mai tantancewa zai gane darajar labarin: AFRIFF a Legas cikin Nuwamba, Zuma na hukumar fim ta ƙasa a Abuja, sai Durban a Afirka ta Kudu wajen Yuli. Ka tura da wuri, kuɗin shiga yana hawa ne yadda ranar rufewa take matsowa. Kuma ka rubuta musu imel, layi biyar ya isa, ka ce daga Kano kake, fim ɗinka na farko ne, ko za su ɗauke maka kuɗin. Wasu za su yi shiru wasu su turo maka lambar shiga kyauta. Ni biyu suka taɓa ba ni cikin tara.

Sannan sauti. Sa abin kunne ka saurari fim ɗin ido a rufe. In janareton maƙota ya fi ɗan ga-ruwan murya, ajiye maganar biki ka gyara wannan.

yar_tudunwada:
Ni dai gargaɗi zan yi don na sha. Akwai wasu da ke raba kyauta duk wata, ba zauren kallo ba ƴan kallo, intanet kawai. Na biya, kwana uku sai ga saƙo wai na lashe gwarzuwar darakta, na yi ta tsalle har Mamanmu ta raba wa yara alewa. Washegari suka ce in turo wani kuɗin na kofi da na aikowa. Da na duba shafinsu mutum sama da sittin ne muka zama gwaraza a watan nan. Hoton ganyen nan na alamar nasara da suke ba ka ka manna a fosta babu furodusan da yake burgewa. Kafin ka biya ko sisi nemi hotunan bara, ka ga mutane zaune a kujeru gaban allo, ka ga sunan sinimar. In ba ka gani ba wuce kawai.

badamagare:
Sannunku da aiki. Ku ƴan Najeriya kullum idonku na kan Turai kuna manta FESPACO, bikin fina-finan Afirka, ga ta nan Wagadugu ta Burkina Faso, mota ma na kai mutum. Tun 1969 ake yin ta, shekara biyu-biyu, ta baya an yi a 2025, kuma akwai gasar gajerun fina-finai da kyautarta daban. Babbar kyautar ma mutumin Nijar ne ya fara ɗauka, Oumarou Ganda, a 1972. Sai dai ka tanadi fassarar Faransanci a ƙasan allo ban da ta Turanci, kuma mutum ya yi maka ba na'ura ba. Na ga fim da aka fassara "Allah ya kiyaye hanya" kamar ana roƙon a gyara kwalta, zaure ya fashe da dariya a wurin kuka.

baba_lokeshan:
Duk na ji ku amma ban yarda a yi ta ɓoye fim shekara guda ana jiran Bature ya amsa imel ba. Ga KILAF nan Kano ta harsunan gida, ga na Kaduna, kuɗin mota kaɗai zai kai ka, ka zauna ka ji inda mutane suka yi dariya da inda suka ciro waya. A can za ka haɗu da wanda zai saka ka a aiki na gaba. Berlin ko sun ɗauke ka, biza fa?

edita_jos:
Baba ranka ya daɗe ban ƙi ta taka ba, jeri kawai nake magana. Ya karanta ƙa'idar kowanne, wasu haskawa a ƙasarka ba ta dame su ba, ta waje suke so ta zama tasu. Ɗora fim ɗin a intanet ne dai babu kyau yanzu.

mai_kyamara:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. YouTube an fasa, na faɗa wa mutumina yana can yana fushi. Malam edita na yi gwajin abin kunnen, gaskiyarka, akwai injin markaɗe a fitowa ta uku tun daga farko har ƙarshe, ni da na saba da shi ko ji ba na yi. Malam badamagare in kana da wanda zai yi min Faransancin dan Allah turo min ta akwati, nawa yake karɓa kan minti 17?