Shin funfuna tana iya fitar da ƙarafa masu wuyar samu daga sharar lantarki?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Ina roƙon masana su bayyana mini yadda funfuna, wadda muka fi sani da lalata abubuwa, take iya raba ƙarafa irin su niyodimiyam daga tsofaffin wayoyi da kwamfutoci. Shin cinye ƙarfen take yi?

Malamin Sinadarai:
Wa alaikumus salam. Ba cinye shi take yi ba. Funfunar da ake kira Aspergillus niger, idan ta sami sukari, tana fitar da asid iri-iri, musamman sitirik da okzalik da gulukonik, kuma su ne suke narkar da ƙarfen da ke cikin sharar da aka niƙa har ya koma cikin ruwa. Masana'antu sun shafe fiye da shekara 100 suna kiwon wannan funfuna domin samar da asid ɗin sitirik, saboda haka renonta ba shi ne matsala ba. Akwai kuma hanya ta biyu, domin bangon ƙwayoyinta yana ɗauke da sinadarin kaitin, wanda ƙarfen da ya narke yake manne masa, ko da funfunar ta riga ta mutu.

Injiniya Mai Taka-tsantsan:
Bayanin Malam daidai ne, sai dai aikin yana da nawa ƙwarai. Abin da asid mai ƙarfi zai narkar cikin 'yan sa'o'i, funfuna takan ɗauki kwanaki ko makonni a kansa, kuma idan aka zuba mata shara da yawa, jan ƙarfe da dalmar da ke ciki sukan hana ta girma. Shi ya sa masu bincike da dama suke fara renonta daban, sannan su tace ruwan asid ɗin su zuba a kan sharar. Shi kuwa okzalik yana da nasa hali, domin yakan haɗu da ƙarafa masu wuyar samu irin su niyodimiyam su kwanta a ƙasa maimakon su zauna cikin ruwan.

Malama Mai Nazarin Muhalli:
Duk da haka, Injiniya, ina ganin binciken ya cancanci a ci gaba da shi. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa an samar da sharar lantarki tan miliyan 62 a 2022, kuma abin da ake dawo da shi daga cikinta bai wuce kashi 1 cikin 100 na buƙatar duniya ga ƙarafa masu wuyar samu, waɗanda iri 17 ne, ba. Inda ƙarfen ya yi ƙaranci a cikin shara, har kuɗin tace shi da wuta ya zarce ribarsa, nan ne funfuna za ta fi yin amfani.